GUDAWA BAYAN DASHEN ƘODA: ABIN DA MAJINYACI DA IYALINSA YA KAMATA SU SANI

Wata bakwai bayan an yi masa dashen ƙoda, wani magidanci daga ƙasar Ketare, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina, ya koma harkokinsa kamar ba shi ne ya shekara biyu yana zaryar wankin ƙoda ba. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ba shi ƙodar. Sai da aka sayar da gona da shanun huɗa, dangi kuma suka yi karo-karo, kafin kuɗin aiki su cika.

Ana nan sai aka yi suna a gidansu. Bayan kwana biyu yara uku suka kwanta da amai da gudawa, suka kuma miƙe kafin mako ya zagayo. Da abin ya zo kansa, sai ya ce ai zai wuce kamar yadda na yaran ya wuce. Uwargida ta aika kyamis aka sayo Flagyl da kafso ɗin nan ja-da-yalo. Wani maƙwabci ya ce masa ai cikin magungunan dashen akwai mai sa zawo, shi kuwa ya ajiye shi bai gaya wa kowa ba. A rana ta tara ƙanen nasa ya shigo gaishe shi, ya ga kofin shayi na rawa a hannunsa, idanu sun zurma. Ya ce, "Yaya, yaushe rabonka da fitsari?" Ya yi shiru, sannan ya ce tun jiya da la'asar. Ƙanen ya ce, "To wallahi yau ba za mu kwana a garin nan ba."

Da suka iso asibiti, awon jini ya nuna ƙodar ta soma gazawa, maganin dashe kuma ya taru a jininsa fiye da kima. Ƙwayar cutar da ta yi wa yara kwana biyu ta tafi, ita ce ta nemi ta raba shi da ƙodar da ɗan'uwansa ya ba shi.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a ɗakin duba masu dashe. Shi ya sa muka keɓe wannan fitowa domin bayani a kan ƙwayoyin cutar bairus masu kama hanji, da abin da ya sa suke da haɗari ga wanda aka yi wa dashe. Mun fi ambaton ƙoda saboda ita aka fi dasawa a ƙasar nan, amma bayanin ya shafi wanda aka dasa wa hanta ko zuciya.

ME YA SA MAI DASHE YA BAMBANTA DA SAURAN JAMA'A?

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da garkuwa, wato wasu ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne yaƙar duk baƙon abin da ya shigo. Ita wannan garkuwa ba ta san aboki ba. Yadda take far wa ƙwayar cuta, haka take far wa ƙodar da aka dasa, ko da ta ɗan'uwa ce. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a shekarar 1954, ya yiwu ne saboda mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin ɗaya bai ɗauki ƙodar ɗayan baƙuwa ba. Sai da aka samu magungunan danne garkuwa masu ƙarfi, musamman saikulosforin a farkon shekarun 1980, sannan takrolimus da maikofenolet a shekarun 1990, aikin dashe ya bunƙasa a duniya.

A Nijeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko a 2002, kuma tun daga lokacin mutanen Kano, Katsina, Jigawa da maƙwabta suke amfana. Akwai kuma da yawa da aka yi wa aikin a Indiya ko Masar, suka dawo gida ana ci gaba da duba su.

Duk inda aka yi maka aikin, magungunan kusan ɗaya ne, kuma za ka sha su muddin ƙodar na jikinka. Su ne ke tsare ƙodar, su ne kuma ke rage wa jiki ƙarfin korar cuta. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar da jikin mai lafiya ke kora cikin kwana biyu ko uku, a jikin mai dashe tana iya zama makonni, ko watanni, wani lokaci har fiye da shekara.

ƘWAYOYIN DA AKA FI GANI

Bairus ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Muhimmin abin da mai karatu zai riƙe shi ne, magungunan kashe bakteriya irin su Flagyl, ja-da-yalo da Ampiclox ba sa taɓa bairus ko kaɗan. Ga waɗanda suka fi damun masu dashe:

1. Norobairus. An samo sunanta daga garin Norwalk na jihar Ohayo a Amurka, inda ta kwantar da 'yan wata makarantar firamare a 1968, aka kuma gano ta a 1972. Ita ce kan gaba wajen haddasa amai da gudawa a duniya: kusan kashi 1 cikin 5 na irin wannan ciwo ita ke kawo shi. Alamunta na bayyana awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki. Ƙwaya ƙasa da 100 sun isa su kwantar da mutum, alhali ɗan ƙaramin bayan gida na mai ciwon yana ɗauke da miliyoyi. A jikin mai dashe takan zama gudawa mai tafiya ta dawo, mutum ya yi ta ramewa ba a san dalili ba. Har yanzu ba ta da allurar rigakafi, ba ta kuma da maganin da aka tabbatar yana kashe ta.

2. Rotabairus. Wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano ta a birnin Melbon na Ostireliya a 1973. Ita ce babbar mai kawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara. Babba mai dashe yakan ɗauke ta daga ɗansa ko jikansa. A watan Agustan 2022 gwamnatin Nijeriya ta shigar da rigakafinta cikin jerin rigakafin yara na kyauta, ana ɗiga wa jariri a baki.

3. Saitomegalobairus, wadda likitoci ke gajartawa da CMV. Wannan ta sha bamban da sauran biyun, domin ba sai an ci ko an sha wani abu ba. Mafi yawan manya a ƙasashenmu sun kamu da ita tun suna yara, ta kwanta a jiki ba ta damun kowa. Idan aka danne garkuwa sai ta farka. Tana kuma iya shigowa tare da ƙodar da aka dasa. Tana yi wa maƙogwaro, tumbi da hanji gyambo, ta kawo zazzaɓi, kasala, ciwon ciki, zafi wajen haɗiya, da gudawa wadda wani lokaci take haɗe da jini. An fi ganinta a watannin farko bayan aiki, ko kuma jim kaɗan bayan an gama shan maganin rigakafinta. Abin farin ciki, ita tana da magani.

4. Akwai kuma adinobairus, safobairus da astirobairus. Ba a cika ganinsu kamar na sama ba, amma hanyar kamuwa da hanyar kariya duk ɗaya ce da ta norobairus.

5. Cutar hanta nau'in E. Ita hanta take kamawa, amma ta baki take shiga, ta gurɓataccen ruwa. An yi fama da annobarta a yankin Diffa na Nijar da kuma jihar Borno a 2017. Ga mai lafiya takan wuce da kanta, sai dai tana da haɗari ƙwarai ga mai ciki. Ga mai dashe kuwa wani nau'inta yana iya zama a hanta ya yi ta cinta a hankali.

BA KOWACE GUDAWA CE TA BAIRUS BA

Wannan shi ne dalilin da ya sa ba ma son majinyaci ya yi wa kansa hukunci a gida. Shi kansa maganin maikofenolet, wanda ake sayarwa da sunan CellCept ko Myfortic, yana sa zawo ga mutane da dama. Akwai atini, akwai taifot, akwai tsutsar ciki da sauran ƙananan halittu da ke cikin ruwan rafi da na kududdufi. Akwai wata bakteriya da ke yaɗuwa a hanji idan mutum ya yawaita shan magungunan kashe bakteriya, wato shan Ampiclox da makamantansa barkatai yana iya zama shi ne sanadin ciwon. Sannan akwai kwalara. A 2021 an samu mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, kuma Katsina da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Alamun duk waɗannan suna kama da juna. Awo ne kaɗai ke raba su, kuma maganin kowanne daban ne.

HANYOYI UKU DA GUDAWA KE CUTAR DA ƘODAR DASHE

Ta farko, ƙarewar ruwan jiki. Mai dashe da ƙoda ɗaya yake rayuwa, ita kuma ba ta jure ƙarancin ruwa kamar ƙodar haihuwa. Idan ruwa ya ragu, jinin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta fara rauni. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Hausa, wannan na iya faruwa cikin yini ɗaya.

Ta biyu ita ce wadda mutane da yawa ba su sani ba. Za ka zaci idan mutum na zawo maganin da ya sha zai bi bayan gida ya fita. Ga takrolimus, wanda wasu suka sani da Prograf, akasin haka ke faruwa. A lafiyayyen hanji akwai sinadaran da ke narkar da wani kaso na maganin, da kuma wata kafa da ke mayar da wani kason cikin hanji kafin ya shiga jini. Idan gudawa ta ɓata fatar hanji, wannan shinge ya faɗi, sai maganin ya kwarara cikin jini fiye da yadda likita ya auna. Takrolimus idan ya yi yawa guba ne ga ƙodar da aka ba shi ya tsare. Alamunsa su ne rawar hannu, ciwon kai, rashin barci, raguwar fitsari, da hauhawar sinadarin fotashiyam a jini, wanda ke iya rikita bugun zuciya. Rawar hannun da ƙanen mutumin Ketare ya lura da ita ke nan.

Ta uku, rashin zaman magani a ciki. Idan amai ya hana magani zama, ko majinyaci ya ajiye shi da kansa, garkuwar jiki na iya farkawa ta far wa ƙodar. Sau da yawa wannan ba ya zuwa da wani ciwo da mutum zai ji. Sai an auna jini a tarar ɓarna ta riga ta auku, kuma ba kowace ɓarna ke gyaruwa ba.

Ka ga ke nan magani zai iya yin yawa, zai kuma iya yin kaɗan, duk a cikin ciwo ɗaya. Ba mai iya sanin wanne ke faruwa sai da awon jini.

YAUSHE ZA KA NEMI LIKITA?

Idan ka yi bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a yini ɗaya, gudawa ke nan. Ka buga wa ɗakin masu dashe waya a ranar, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Idan ta wuce awa 24 ba ta tsaya ba, ana bukatar awon jini. Amma ka taho asibiti nan take, ko dare ko rana gwargwadon yadda hanya ta ba da dama, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Zazzaɓi da ya kai digiri 38.
- Jini ko majina a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.
- Amai da ya hana maganin dashe zama sau biyu a jere.
- Fitsari ya ragu sosai, ko ya yi duhu, ko an yi awa 8 babu shi.
- Jiri idan ka miƙe, bushewar baki, ko bugun zuciya da sauri.
- Rawar hannu, ruɗewa, ko barci mai nauyi da ba a saba gani ba.
- Ciwo ko kumburi a gefen mara inda aka dasa ƙodar.
- Nauyinka ya ragu da kilo 1 zuwa 2 cikin kwana ɗaya ko biyu.

ABIN DA ZA KA YI KAFIN KA ISO

Ka fara shan ruwan gishiri da sukari tun daga zawon farko. Idan akwai na leda da ake sayarwa a kyamis, a zuba shi cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar. Idan babu, a tafasa ruwa lita 1, wato kimanin ledar fiya-wata biyu, a bari ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a ƙara kofi ɗaya bayan kowane zawo. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Wanda aka taɓa gaya wa fotashiyam ɗinsa na hawa, ko mai ciwon sukari, ya faɗa wa likita a waya irin wanda yake sha.

Ka ci gaba da shan magungunan dashe a kan lokacinsu har sai likita ya ce a canza. Idan ka yi amai bayan ka sha, kada ka ƙara wani da kanka, ka tambaya. Idan kana shan maganin hawan jini, maganin sa fitsari, ko na sukari, ka ambata su a waya, domin akwai waɗanda likita kan ce a dakata da su har ruwan jiki ya dawo.

Ka ci abinci marar nauyi: kunu, farar shinkafa, tuwo mai laushi da miya marar yaji. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari, yawan zaƙinsa ma na ƙara zawo. Idan lokacin azumi ne, ka sani malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa marar lafiya. Mai dashe da ke gudawa bai kamata ya kai azumi ba.

Ranar da za ka zo awo, kada ka sha takrolimus na safe sai an ɗebi jini. Ana son a auna shi ne awa 12 bayan na dare. Ka taho da shi a aljihu, da an ɗiba sai ka sha.

ABUBUWAN DA ZA KA GUJE WA

Kada ka sha maganin ciwon jiki irin su ibufurofen, daikulofenak da Feldene, ko haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi kuma ruwa ya riga ya ragu. Farasitamol ya wadatar, amma ka auna zafin jikinka kafin ka sha don kada ya ɓoye zazzaɓi.

Kada ka karɓi maganin kashe bakteriya daga kyamis. Wasu, irin su eritiromaisin, suna sa takrolimus ya hau sosai. Kada ka sha maganin tsayar da zawo sai da izinin likita, musamman idan akwai jini ko zazzaɓi.

Kada ka sha jiƙo, sassaƙe, ruwan kanwa ko maganin basir da na rana da ake talla a kasuwa da cikin mota. Mun san masu kawo su da kyakkyawar niyya suke kawowa, amma ba wanda ya san yadda za su yi da magungunan da ke jininka, kuma wasunsu kai tsaye suke cutar da ƙoda. Lemon garehul ma haramun ne ga mai shan takrolimus ko saikulosforin, ko yana lafiya.

Idan kuwa ka riga ka sha wani abu, ko ka ajiye wani magani, ka faɗa mana gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba faɗa za a yi maka ba, so muke mu san inda za mu fara.

ABIN DA ZA A YI MAKA A ASIBITI

Za a auna nauyinka da hawan jininka, a ɗebi jini don duba aikin ƙoda, gishirin jiki, yawan ƙwayoyin jini da adadin takrolimus. Za a karɓi bayan gida a duba tsutsa, atini da bakteriya. Awon da ke gano bairus, wanda ake kira PCR, ba kowane ɗakin awo ke yin sa ba, kuma yana da tsada, don haka wani lokaci sai an aika da samfurin wani wuri, sakamako ya ɗauki kwanaki. Ba a jiran sa kafin a fara ƙarin ruwa.

Idan ana zargin CMV, za a auna ta a jini. Sai dai tana iya kasancewa a hanji jini bai nuna ba, shi ya sa wani lokaci likita zai ce a zura na'urar hangen hanji, a ɗan tsinko tsoka a duba. Maganinta gansaikulobiya ne ta jijiya, daga baya a koma na haɗiya mai suna balgansaikulobiya, wanda aka fi sani da Valcyte. Ana shan sa makonni, har sai awo ya nuna ƙwayar ta kwanta. Yana rage fararen ƙwayoyin jini, don haka dole a riƙa awo a kai a kai, kuma yana cutar da ɗan tayi, don haka mace ko namijin da ke shan sa su nemi shawara kan tazarar haihuwa. Shi ne dai maganin da ake ba masu dashe da yawa na wata 3 zuwa 6 bayan aiki a matsayin rigakafi. Wanda kuɗi suka yanke masa kafin ya kammala, ya zo ya faɗa, kada ya yi shiru.

Idan norobairus ce ko rotabairus, aikin shi ne mayar da ruwa da gishirin jiki, gyara abinci, da daidaita magungunan dashe. Likita na iya rage wani ko ya sauya shi da wani, don garkuwa ta ɗan samu ƙarfin korar ƙwayar, yana kuma lura da ƙodar ta hanyar awo. Ragewar da likita ke yi da ma'auni da wadda mutum ke yi a ɗakinsa ba ɗaya ba ne.

RIGAKAFI A CIKIN GIDA

Duk waɗannan ƙwayoyi, in ban da CMV, hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gida ko aman mai ciwo zuwa bakin mai lafiya, ta hannu, ta ruwa, ta abinci.

Wanke hannu. Da sabulu da ruwa mai zuba, na tsawon daƙiƙa 20, bayan fitowa daga bayi, bayan wanke wa yaro, kafin girki, kafin cin abinci da kafin shan magani. Man goge hannu mai sinadarin barasa, wanda aka saba da shi lokacin korona, ba ya kashe norobairus sosai. Ruwan wanke hannu na kwano ɗaya da ake zagayawa da shi kafin a ci tuwo, shi ma ba wanki ba ne. A zuba wa kowa daga buta.

Buta. Mai dashe ya samu butarsa ta kansa. Hannun butar da kowa ke shiga bayi da ita na daga cikin wuraren da ƙwayar ta fi zama. A ajiye sabulu a ƙofar bayi, a kuma rufe bakin masai saboda ƙuda.

Ruwan sha. Na rijiya, na famfo, na burtsatse ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafasa. A zuba a mazubi mai murfi da ƙaramin baki. Randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki ba ta dace da mai dashe ba. A yi hattara sosai da damina, lokacin da ruwan sama ke wanke ƙazanta zuwa cikin rijiyoyi.

Abinci. A ci shi da zafinsa. A guji zoɓo, kunun zaƙi, ƙanƙara da fura da nono na talla, tunda ba a san ruwan da aka yi su da shi ba. Nonon da za a sha a gida a tafasa madarar tukuna. Latas, kabeji, tumatir da yankakkiyar albasar da ake barbaɗawa a kan tsire ko gurasa, a bar su sai in a gida aka wanke da tafasasshen ruwa. 'Ya'yan itace a zaɓi masu ɓawo, mutum ya ɓare da kansa. A wajen biki ko suna, mai dashe ya ci daga gida kafin ya fita, ko a zuba masa nasa daban da zafi.

Idan wani ya kamu a gida. Kada mai dashe ya yi jinyarsa, kada ya wanke masa fo ko ya kwashe amai. Wanda ya yi ciwon kada ya yi girki sai ya kwana 2 da warkewa, ya kuma ci gaba da tsananta wanke hannu, domin ƙwayar na fita a bayan gida har mako 2 ko fiye bayan an ji sauƙi. A wanke bayi da inda aka yi amai da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, kashi 1 a cikin kashi 6 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Kada a haɗa shi da wani maganin wanki. Zannuwa da tufafin mai ciwo a wanke su daban a shanya a rana.

Dubiya. Zumunci abu ne mai kyau, amma a watannin farko bayan aiki a taƙaita masu shigowa. Mai zawo, mai amai ko mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya. Wannan aiki ne na uwargida da manyan gida, domin majinyaci kan ji nauyin korar baƙo.

Rigakafin yara. A kai jarirai su karɓi rigakafinsu, har da na rotabairus, domin yaron da bai kamu ba ba zai kawo wa mahaifinsa ba. Sai dai rigakafin da ake ɗigawa a baki, na rotabairus da na shan inna, suna ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, kuma tana fita a bayan gidan yaro na wasu makonni. Saboda haka mai dashe kada ya taɓa kashin jaririn ko ƙunzugunsa na tsawon mako 4 zuwa 6, kuma a sanar da likitan dashe idan akwai jariri a gida domin ya ba da shawarar da ta dace. Shi kansa mai dashe ba a yi masa rigakafi mai ƙwaya mai rai.

GA WAƊANDA KE NESA DA ASIBITI

Majinyatanmu na Ketare, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye suna da ƙarin nauyi. Tafiya Kano, Zariya ko Katsina ba ta minti kaɗan ba ce, kuma matsalar tsaro da yankin ya sha fama da ita ta sa tafiyar dare ba abin da ake so ba ce. Don haka shiri tun da rana tsaka ya zama dole.

Ka ajiye ledar gishiri da sukari guda 5 ko fiye a gida, da ma'aunin zafin jiki, da sikeli in da hali. Kada ka bari maganin dashe ya rage ƙasa da na mako 2. Ka rubuta lambar wayar ɗakin masu dashe a takarda, ka ba mutum biyu a gidan. Ka ware kuɗin mota da ba a taɓawa. Ka san babban asibitin da ya fi kusa da kai, ko na Ƙanƙara, ko Malumfashi, ko Funtuwa, inda za a iya sa maka ruwa kafin ka wuce. Da ka isa, abin da za ka fara faɗa shi ne, "An yi mini dashen ƙoda," ka miƙa katinka da jerin magungunanka, ka roƙi ma'aikacin ya yi magana da likitanka a waya kafin a yi maka allura. Idan zawo ya fara da safe, yanke shawarar tafiya kafin azahar ya fi jiran ganin abin da dare zai yi.

Shi mutumin Ketare ya yi kwana 6 a kwance ana ƙara masa ruwa. An rage masa takrolimus na ɗan lokaci, aka mayar da maganin da ya ajiye a kan adadin da cikinsa zai ɗauka. Gudawar ta ɗauki makonni kafin ta rabu da shi gaba ɗaya. Ƙodar ta farfaɗo, ko da yake awo ya nuna ba ta koma daidai inda take da ba. Ranar sallama uwargidansa ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "Sista, da na san zawo na iya kai mutum nan, da tun ran farko na sa an kira ku."

Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa iyalinsa, musamman mai yi wa majinyaci girki da mai raka shi asibiti. Mai tambaya kuma ya kawo ta ranar da zai zo ganin likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa waɗanda suka ba da ƙodarsu da alheri, amin.